Wasan Taubasai a Ajin Malama Jane

Sunansa na yanka Almu. Ban taɓa kiransa da shi ba sai yau da nake rubutawa, ni Baban Bintu nake cewa. Turawan Barking kuwa, da suka saba miƙa masa tikiti a bakin ƙofar tasha, Mista Al suke ce masa, shi kuma ya amsa da fara'a kamar da sunan aka yanka masa rago.

Karatun safiyo, wato aikin auna ƙasa, ya kawo shi Landan a 1968, a kan kuɗin gwamnati. Tun daga elementare har sakandare bai taɓa zuwa na biyu ba, garinsu kaf an san da haka. Ya zo nan ya zauna jarrabawa ya faɗi, ya sake zama ya sake faɗuwa, aka yanke kuɗin. In ka tambaye shi sai ya ce sanyi ne. In ka tambaye ni, girman kai ne, don mijina gara ya kwana bai gane abu ba da ya ɗaga hannu a aji ya ce bai gane ba. Komawa gida hannu rabbana kuwa bai ga fuskar da zai yi ba, sai ya karɓi aikin tube, jirgin ƙasan cikin Landan, wai na wata shida kafin ya sake shiri. Da aka kawo ni amarya, cikin baƙin yunifom da hular hana-salla ya tarye ni, kuma a kan wannan aikin ya yi ritaya.

Ba zan ɓata shi ba, mutumin kirki ne. Ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya shan komai sai shayi, salla ba ta wuce shi ko da a ɗakin ajiye tsintsiya na tasha ne. Duk jaridar da aka bari a jirgi sai ya kwaso ya karance ta har tallan sabulu. Amma Allah ya jarabce shi da ido. In ya ga abu a hannun wani sai ya auna abin, ya auna mai shi, ya auna kansa, ya ga an yi masa ƙwange. Nakan ce masa karatun safiyon dai bai tafi a banza ba, ya harare ni ya ci gaba da jaridarsa.

Abin da ya fi ba ni tausayi bakinsa ne. Mutumin da aka ce a gida in yana zance ba a tashi, sai ya wuni ba abin da ke fita bakinsa sai thank you da sorry. Hausawan Landan na lokacin ko likitoci ne, ko ma'aikatan rediyo, ko 'yan ofishin jakadanci, a gabansu kuwa kullum a takure yake, yana jiran wanda zai tambaye shi aikinsa. Mutum ɗaya tak yake sakin jiki da shi a duniya, Uwaisu, ɗan kawunsa. Taubasai ne, uwar wannan da uban wancan ciki ɗaya, gida ɗaya suka tashi suna zagin juna tun ba su iya ɗaure wando ba. Mijina ba shi da wa, ba shi da ƙane, ba shi da aboki. Uwaisu ne duka, kuma shi ya ɗauka ya sa a caca a bazarar 1976.

Sai na fara da zancen kwas ɗin. Akwai wata kwaleji a tsakiyar gari da ke buɗe aji na 'yan makonni kowace bazara, ana karantar da al'adun baƙar fata da suka watsu a duniya, na Amurka da na tsibirai da mu nan Ingila, da kuma 'yancin faɗar albarkacin baki. Baban Bintu ya ga tallan a jaridar tsintuwa, ya kamu. Shekara biyu yana neman hutu ya shiga, ana ce masa hutun bazara na waɗanda suka daɗe a aiki ne. Ranar da ba shi da aiki har zuwa yake yi ƙofar kwalejin ya leƙa, ya dawo ya ce mini ai ginin ma ya tsufa.

To, sai ga kuɗin mai. Ƙasarmu ta rikice. Wanda ka baro yana facin keke sai ka gan shi a Oxford Street yana cinikin firji. Ana shirin babban bikin al'adun baƙar fata a Legas, ana ta turo ma'aikata ƙetare su koyo abin da za su faɗa. Cikin waɗanda aka kwaso har da Uwaisu, da ke aiki a ofishin watsa labarai na wata jiha. Uwaisun da Baban Bintu ke yi wa aikin lissafi a makaranta, shi kuma ya biya shi da dafaffen rogo!

Zafin da aka yi a shekarar nan har yau tsofaffin Turawa suna zancensa. Ciyawar Barking Park ta ƙone ƙurmus, ana ta roƙon mutane su rage wanka. Cikin wannan zafin ya iso wata Lahadi, da farar shadda da agogo mai ɗaukar ido, da ƙullin kuka da daddawa a hannu. Bai ƙwanƙwasa ba, tun daga titi muka jiyo muryarsa.

"Ina bawan nan nawa? Matarmu, har yanzu ba ki gudu ba? Kai Almu, ashe sanyin Ingila bai gyara kan nan naka ba, yana nan kamar an zauna a kai!"

"Wa ya bar wannan ya shiga jirgi?" in ji Baban Bintu. "Ko cikin kaya aka auno ka?"

Suka rungume juna suna dariya har maƙwabciyarmu ta ɗaga labule. Wallahi ban taɓa jin irin dariyar nan a bakin mijina ba, 'yarmu Bintu ma tsorata ta yi ta ɓuya a bayana. Na tuƙa tuwon garin shinkafa, na kaɗa kukar da ya kawo. Ana cikin ci Baban Bintu ya tambaye shi kwas ɗin me aka turo shi. Uwaisu ya ce shi ma bai riƙe sunan ba, wani abu ne dai na baƙar fata da 'yancin magana, ya faɗi sunan kwalejin yana tsotsar ƙashi. Lomar Baban Bintu ta tsaya a hanya. Ya mayar da ita kwano, ya ce miyar ta yi gishiri. Ni kuwa miyata ba ta taɓa yin gishiri ba.

Daga ranar ƙyashi ya tare a gidanmu. Uwaisu yana kwana a ɗakunan kwaleji, duk Lahadi ya zo mana. Da farko bai ɗauki karatun da zafi ba, sayayya ce a gabansa, wannan ya ƙona wa Baban Bintu rai, ya yi ta mitar an ba da kujera ga wanda bai san darajarta ba. Da karatun kuma ya shige shi, ya fara zuwa da littattafai cikin jakar fata yana zancen aji ba ƙaƙƙautawa, sai abin ya fi ƙona masa rai. Ba ta inda za ka bi ka faranta wa mijina.

A bakin Uwaisu muka san mutanen ajin. Akwai Malama Jane, Baturiyar da ke koyar da su, mai zama a kan tebur ta cire takalmi. Akwai Bernard, mutumin Trinidad da ke koyarwa a wata firamare a Peckham, wanda ya ba su labarin yadda mawaƙan ƙasarsu ke yi wa masu mulki zambo a bainar jama'a. Sai Ephraim, ɗan jarida daga Afirka ta Kudu. An rufe jaridarsu, an ɗaure abokan aikinsa, shi ya tsallake iyaka a ƙafa. A lokacin kuwa ba a daɗe da harbe 'yan makaranta a Soweto ba, ajin kowa zuciyarsa a wuya take. Ephraim ɗin nan jininsa ya haɗu da na Uwaisu, tare suke cin abincin rana, ɗan'uwa yake ce masa.

Baban Bintu ya yi ta saurare yana gyara masa. Ba haka ake faɗar sunan ba, ba a shekarar aka yi ba, ai wannan kowa ya sani. In Uwaisu ya hau sama alwala sai in ga mijina ya buɗe jakar fatar nan ya zaro littafi, ya karanta shafi guda a tsaye da sauri-sauri, ya mayar kafin ya ji takun saukowa. In ya raka shi ya dawo kuma sai ya ce, "Wannan fa sai bana ya san inda Trinidad take a taswira. Oh duniya! Wai Baturiya na kiransa shan shayi ofishinta."

Ni ma ina da nawa ƙunan. Matar Uwaisu, Karimatu, ta yi masa saƙon kaya kamar mai shirin buɗe kanti, ni kuma aka sa in yi rakiya. Mu je Liverpool Street leshi, mu dawo tukwane, mu koma keken ɗinki. A shagon gwal ya ce in miƙo hannu a gwada awarwaro, wai hannunmu ɗaya da ita. Aka zura mini su, na ji nauyinsu, na ji sanyinsu, aka zare aka naɗe a takarda. Karimatun da na sani da zane ɗaya a makarantar kwana! Na dawo a jirgin District line ina kallon tsirarar hannuna, raina a ɓace har gida. Shi ya sa in mijina ya ja tsaki ba na tambayarsa dalili, na san abin da ke cinsa.

Duk da haka, in suna tare wasa bai tsaya ba. Uwaisu ya ce masa mai huda tikiti, shi ya ce masa ɓarawon rogo, su yi ta yi har shayi ya huce. Ranar Litinin mijina kan tafi aiki fuskarsa a sake, sai wajen Laraba ƙyashin ke dawo masa.

Wata Lahadi da la'asar suna zaune a bayan gida ƙarƙashin igiyar shanya, ni ina bakin taga ina wanke-wanke a roba don in zuba wa tumatir ruwan. Can sai na ji Uwaisu ya ce, "Almu, wannan ba wasa ba ne." Ban taɓa jin ya fara magana da haka ba, sai na rage ƙarar kwanuka.

Ya ce aikinsa ba rubuta labari ba ne kamar yadda ake zato. Kowace yamma yakan je maɗaba'ar jaridar gwamnati da jan biro, ya karanta kafin a buga, ya soke duk abin da zai ɓata wa na sama rai. Bara wani matashin ɗan jarida ya rubuto labarin wani asibiti da aka cinye kuɗin gininsa. Shi ya soke, kuma da aka tambaye shi wa ya rubuta, shi ya faɗi sunan. Aka kori mutumin daga aiki.

"Kullum Ephraim sai ya raba burodinsa da ni yana ce mini ɗan'uwa," in ji shi. "Wallahi ba ya wuce mini a maƙogwaro. In na koma zan nemi a canja mini wuri, in an ƙi in ajiye. Kai kaɗai na faɗa wa, ko Karimatu ba ta sani ba."

Baban Bintu ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya rufa asiri. Na ga hannun da idona, da gaske ya dafa shi. Amma da ya raka shi tasha ya dawo, yana kwance takalmi sai ya ce, "Kin ji ko, har damuwarsa ma ta manya ce. Ni wa zai ba ni jarida in soke?" Na dai kwashe kofuna.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe kwas, Malama Jane ta ce kowa ya kawo wata hanya ta mutanensu da ake bi a faɗi abin da ba ya faɗuwa. Uwaisu ya ba su labarin taubasai, ya ce nasa ma yana nan Barking. Malama ta ce don Allah a kawo shi su gani. Haka Baban Bintu ya samu shiga ajin da ya yi shekara biyu yana leƙe, ba da littafi a hannu ba, a matsayin abin nuni. Ya roƙi wani abokin aiki suka yi musanyar rana, ya sa babbar rigarsa ta ɗaurin aure, ni kuma na soya ƙosai na cika kwano. A ƙofar kwaleji Uwaisu ya tare mu ya ce, "Almu, yau ban da bawa a zagin. Kakannin su Bernard da sarƙa aka kwashe su." Gaskiya ya faɗa, amma mijina sai ya ce, "Ka ji malami," yana kallon wani wuri.

Aji ya cika, tagogi a buɗe saboda zafi. Na ga Baban Bintu ya shafa teburin da ke gabansa kafin ya zauna. Uwaisu ya miƙe ya yi musu bayani da Turanci: ɗan mace da ɗan namiji suna iya faɗa wa juna komai, ko ɗaya sarki ne ɗaya manomi, kuma ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Suka fara, kowa ya faɗi tasa da Hausa sannan ya juya musu da Turanci. Aka taɓa kan Baban Bintu, aka taɓa cikin Uwaisu, aka tono rogon makaranta. Ajin ya yi ta dariya, mijina kuwa bakinsa ya buɗe, yana ta zuba kamar ba shi ba. Har na fara jin daɗi.

Sai Uwaisu ya ce, "Wannan da kuke gani, an turo shi ya auna ƙasa. Ya auna Ingila ya ga ta yi masa yawa, sai ya koma auna tikiti." Bernard har da buga tebur. Maganar da yake faɗa masa ce duk Lahadi a gidanmu a yi dariya, amma yau a gaban masu littattafai ta fita. Kafin dariyar ta lafa Malama Jane tana share hawaye ta ce lallai baɗi za ta nemi kwaleji ta gayyato Uwaisu ya koyar da darasi guda a kan wannan al'ada. Aka tafa masa. Ni jijiyar wuyan mijina nake kallo, na ga ta miƙe.

Da ya tashi ramawa bai bi ta Hausa ba. Kai tsaye ya yi da Turancinsa mai kyau na jarida, yana murmushi.

"Ni tikiti nake hudawa, shi kuwa labari yake hudawa. Ku tambaye shi jan biron da yake zuwa da shi maɗaba'a kowace yamma. Ku tambaye shi ɗan jaridar da ya rubuta zancen asibiti, a ina yake cin abinci yanzu."

Wasu sun fara dariya don sun zaci ci gaban wasan ne, sai dariyar ta mutu a hanya. Ephraim ya juyo kan kujerarsa ya dubi Uwaisu ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ma wasan ne, ko gaskiya ne?"

Duk Bahaushe ya san wasan taubasai yana da iyaka. Ka zagi kai, ka zagi ciki, ka zagi rowa, ka shirga ƙarya son ranka, amma abin da aka ba ka amana ba ya shiga. Turawa da baƙin da ke ajin ba su san wannan ba, da Uwaisu ya ce wasa ne da sun yarda an wuce wurin. Ya ce, "Gaskiya ne." Fushi kuma ba dama, shi da bakinsa ya gama faɗa musu ba a yi. Sai ya yi wata dariya da ba na fatan sake gani, ya ce taubashinsa ya cinye wasan yau, ya tafa masa shi kaɗai. Ephraim ya ɗauki jakarsa ya fita a hankali. Ƙosaina haka na dawo da shi gida ba wanda ya taɓa.

A jirgi Baban Bintu ya yi ta magana shi kaɗai, ai wasa ne, ai shi ya fara. Na ƙyale shi har muka wuce tashar Mile End sannan na ce, "Naka tikitin duk Barking na gani. Nasa kai kaɗai ya nuna wa." Ya ce in bar shi, Uwaisu ba zai yi fushi ba, ai taubashi ne, ba shi da ikon yi. A kan wannan ya dogara, kuma bai yi ƙarya ba, Uwaisu bai yi fushi ba.

Ranar Lahadi muka ji an ƙwanƙwasa ƙofa, aka yi sallama, aka tsaya sai da aka ce a shigo. Uwaisu ne. Ya tuɓe takalmi ya jera su, ya shigo ya russuna a gaban mijina.

"Malam Almu, barka da yamma. Mun same ku lafiya? Ya aiki? Ya iyali?" Ya juyo gare ni ya ce, "Malama Rahinatu, sannu da ɗawainiya."

Baban Bintu ya yi dariya ya ce, "Kai ɓarawon rogo, wane sabon iskanci ne wannan?"

"Allah ya huci zuciyar Malam."

Fuskarsa wasai, ba ɗacin rai, ba gatse, ba abin da za ka kama ka ce ya yi laifi. Mijina ya kwaso duk zagin da suka tara tun suna yara ya yi ta jefa masa, kamar mai jifan katifa. Uwaisu ya ci abinci kaɗan, ya yi godiya, ya nemi izini ya tafi. Na tsani ladabin nan, wallahi gara a ce ya kwaɗa masa mari a gabana. Haka kuma abin ya ɗore. Ya koma gida ya bar aikin kamar yadda ya ce, ya kama koyarwa, duk Salla gaisuwarsa na iso mana cikin girmamawa, in mun je gida ya aiko mota a ɗauke mu, ya russuna ya gaishe da Malam.

Amma ni ranar filin jirgin sama na Heathrow ce ba ta fita raina. Mun raka shi, Baban Bintu ya hana kowa taɓa akwatunan, shi ya yi ta jan su yana gumi. Da aka kira masu tafiya Kano, Uwaisu ya miƙo hannu biyu zai yi sallama, sai mijina ya kai hannu ya fizge masa hula. A garinsu in taubashi ya fizge maka hula bin sa ake yi da gudu, a yi ta kokawa har ka ƙwace ko ka fanshe ta da goro. Mijina ya ja da baya yana ɗaga ta sama, ƙaton mutum da furfura ta fara fito masa, a tsakiyar Turawa.

"Zo ka karɓa in ka isa!" ya ce. "Zo mana, Uwaisu!"

Uwaisu ya shafa kansa, ya dube shi.

"Na bar wa Malam. Allah ya sa ta yi daidai."

Ya russuna, ya ɗauki jakarsa, ya shige kai ba hula. Baban Bintu yana nan tsaye da hannu a sama har wani mai tura kaya ya ce masa ya matsa ya ba mutane hanya.